Ƙafa Biyar da Inci Goma

Shekarata shida ke nan ina aiki a wani shagon kwamfuta kusa da Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina. Muna buga takardu, muna ɗaukar hoton fasfo, muna cika wa mutane fom a intanet. Duk sanda aka buɗe ɗaukar 'yan sanda ko sojoji, tun da sanyin safiya shagon ke cika maƙil da samari, wasu daga Batagarawa, wasu daga Rimi, wasu har daga Jibiya, kowa riƙe da takardunsa a cikin leda.

Akwai gurbi guda a fom ɗin 'yan sanda da na daɗe ina raina shi, wato na tsayi. Sharaɗin shi ne kada namiji ya gaza mita 1.67, mace kuma 1.64. To amma da wuya ka samu saurayin da ya san tsayinsa da mita. In ka tambaya, sai ka ji "faif-sis", ko "faif-et", ko kuma ya ce ai tela ya taɓa auna shi.

Wata rana wani dogon yaro ya tsaya a kaina, na tambaye shi, ya ce, "Yaya, ƙafa biyar ne da inci goma." Na san ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce, don haka na ɗauko waya na danna 5.10, na ninka, ta ba ni 155 da 'yan kai. Na rubuta 1.55 na tura. Layi ya yi tsawo, janareta na shan mai, ban ko ɗaga kai na dube shi ba, alhali yaron ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Da aka fitar da sunayen waɗanda za su je tantancewa, babu nasa.

Bayan 'yan makonni ya dawo da takardar da na buga masa, yana so a duba ko akwai abin da ya yi ba daidai ba. Muna cikin dubawa sai dattijon telan da ke maƙwabtaka da mu ya shigo cajin waya, tef ɗinsa rataye a wuya. Ya saurare mu, ya dubi yaron, ya dubi takardar, ya ce mini, "Ɗana, sake lissafinka. Ƙafa ba goma take ba, sha biyu ce." Ya ware tef a kan tebur, ya ce ƙafa biyar inci sittin, ka ɗora goma, saba'in ke nan. Ya ɗora babban yatsansa a kan 70, ya juya bayan tef ɗin inda santimita take, yatsan na zaune dab da 178. Na ce, "Baba, wallahi laifina ne." Jikina ya yi sanyi, don yaron shekararsa 24, kuma iyakar shekarun shiga kurtun ɗan sanda 25 ce.

Abin da ya faru shi ne, ɗigo na lissafin goma-goma ne. A wurin na'ura, 5.10 da 5.1 abu ɗaya ne: ƙafa biyar da kashi ɗaya cikin goma na ƙafa, wanda bai fi inci ɗaya da ɗan ɗori ba. Da wannan ɗigon na yanke wa bawan Allah santimita 22. Da na zauna daga baya ina gwada wasu lambobin, sai na ga kuskuren yana cin mutum ta ɗaya gefen ma. Mai ƙafa biyar da inci biyar, tsayinsa na gaskiya santimita 165.1 ne, bai kai sharaɗi ba. Amma in ka danna 5.5 sai ta ba ka 167.6, fom ya wuce, yaro ya ranci kuɗin mota da na hotuna ya tafi wurin tantancewa, a jingina shi da ma'auni a sallame shi. Allah kaɗai ya san mutum nawa na tura haka kafin ranar.

Baba ne ya tuna mini cewa su sun yi zamanin da kuɗi ma sha biyu-sha biyu ake ƙirga shi: kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam guda. A 1973 naira da kobo suka maye gurbinsu, kuma a cikin waɗancan shekarun ne ƙasar ta koma awon mita, wanda asalinsa daga Faransa ya fito, ta bar ƙafa da inci da Turawan Ingila suka kawo. Kuɗi ya sauya da wuri saboda an karɓe tsohon daga hannun mutane. Ita kuwa ƙafa babu wanda ya zo ya karɓe ta. Shi ya sa har gobe fetur da lita muke sayen sa, hanyar Daura da kilomita ake ƙirga ta, asibiti da santimita suke auna yara, amma fuloti hamsin-da-ɗari ne, bulo inci tara ko inci shida, shadda da yadi. Hasumiyar Gobarau ma, wani ya ce maka ƙafa hamsin, wani ya ce mita goma sha biyar, kuma duk kusan abu ɗaya suke faɗa. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai namu na gado, kamu da taƙi, da gaba wadda masu haƙar rijiya ke faɗin zurfi da ita.

Ban ga laifin wanda ya faɗi tsayinsa da ƙafa ba. In aka ce mini mutum ƙafa shida ne, nan take nake ganin sa a ido, in kuwa aka ce 183 sai na tsaya tunani. Wanda ke zaune a gaban kwamfuta yana karɓar kuɗin mutane, shi ne ya wajaba ya san harsunan biyu. In dole sai na juya, yanzu nakan mayar da komai inci tukuna, sannan in ninka da 2.54.

Amma galibi na daina juyawa ma. Na sayi tef irin na Baba, na kafe shi a bangon shago ta gefen santimita. Duk wanda ya zo, sai ya cire takalmi da hula, ya haɗa dugadugai da bango, in ɗora rula a kwance a tsakar kansa in karanta. Wanda ya tsaya a kan gaɓa nakan gaya masa cewa mutum ya fi tsawo da safe, zuwa yamma yakan rage kamar santimita ɗaya, don ya san halin da yake ciki. Wasu kan roƙe ni, "Yaya, ka ɗan ƙara mini biyu mana." Ba na ƙarawa, don can ma auna shi za a yi, kuma shi zai yi asarar kuɗin mota.

Da aka sake buɗe shafin, dogon yaron nan ya dawo da 'yan watanni a hannunsa kafin shekarun su wuce. Ya cire hularsa ya jingina da bango, rula ta tsaya a 178. Na rubuta 1.78, na juya masa fuskar kwamfuta ya karanta da bakinsa, sannan na tura. Ya ciro kuɗi, na ce ya mayar aljihu.