Wasiƙa daga Birmingham: wane abincin Indiya ne na asali?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kaduna. Ya gida, ya iyali?

Mun rubuto ne saboda ƙannenmu da ke shigowa Ingila karatu, waɗanda kullum ke tambayar inda za su ci abincin Indiya na gaskiya.

Ku fara sanin cewa yawancin gidajen abincin da ke kiran kansu na Indiya a nan, 'yan Bangladesh ne ke da su, musamman mutanen Sylhet. Girkinsu na da sirri ɗaya: da safe a dafa albasa mai yawa da tafarnuwa, citta, tumatir da kurkur, a markaɗa, a ajiye a babbar tukunya. Ko korma ka nema ko madras, daga nan za a ɗebo ludayi 2, a ƙara kirim ko barkono, cikin minti 10 ya iso gabanka. Shi ya sa za ka sayi miya kala 3 ka ji bakinsu ɗaya.

Gardamar ta fi zafi a kan chicken tikka masala, gasasshiyar kaza cikin miya, wadda a 2001 ministan harkokin wajen Birtaniya, Robin Cook, ya kira abincin ƙasa. Balti kuwa, miyar da ake dafawa a kawo a cikin kaskon ƙarfe, a nan Birmingham ta yi suna tun shekarun 1970, kuma har gobe Ladypool Road ne gidanta. A ganinmu ba daidai ba ne a kira su jabu. Girkin baƙi ne da ya bi bakin masu gida, kuma yana da daɗi. Sai dai ba shi ake ci a gidajen Indiya ba.

Mai neman na gida ya tambayi yankin da mai girkin ya fito. A Landan, Southall ta 'yan Punjab ce: nama da burodin naan daga tanderun ƙasa. Ealing Road a Wembley da Belgrave Road a Leicester na 'yan Gujarat ne, galibi ba nama. Amma mu East Ham muke fara tura Bakaduna, wurin Tamilawa, mutanen kudancin Indiya da Sri Lanka. Dosarsu 'yar uwar sinasir ce, paniyaram kuma masa ce sak, har tandarta mai ramuka. Ga yadda ake haɗa ƙullunsu: shinkafa kashi 3, waken urad kashi 1, ɗan hulba, a jiƙa, a markaɗa, ƙullun ya kwana. Idan sanyi ya hana shi tashi, sai ya fito lami, ba laushi.

A kula da halal, a tambaya kai tsaye. Miyar vindaloo ta asali daga jihar Goa ta Indiya take, da naman alade da binega ake yinta.

Biryani kuwa, wato shinkafa da nama, ido ke gane ta. Ta ƙwarai kowace ƙwaya a ware take, wani gefen fari, wani rawaya. In kun ga launi ɗaya, maiƙo na ƙyalli, soya ta aka yi da miyar tukunyar nan.

Za ku iya yinta a gida. Kayan ƙamshin duk suna Kasuwar Sheikh Gumi, shinkafar basmati kaɗai ce za ta ci kuɗi. Naman rago kilo 1 a cuɗa shi da kindirmo kofi 1, soyayyar albasa 4, citta, tafarnuwa, kanumfari, kirfa da na'ana'a, ya kwana a firji, sannan a dafa shi ya kusa nuna. Garin kori ba ya shiga. A jiƙa shinkafa kilo 1 na minti 30, a tafasa da gishiri, a tsame tun cikinta na da ɗan tauri. Wadda ta nuna sosai caɓewa take yi. A shimfiɗa ta a kan naman, a zuba man shanu cokali 3, a liƙe bakin murfi da kwaɓaɓɓiyar fulawa don kada tururi ya fita. Wuta ƙasa-ƙasa, minti 30, a sa faifan ƙarfe a ƙarƙashin tukunyar kada gindin ya kama.

A gaida mutanen gida.

Naku,
'Yan uwanku a Birmingham