Abin da littattafan odar shagona suka rubuta bayan 11 ga Satumba

Sana'ata ita ce buga rubutu da zane a jikin riguna da huluna da ƙyallayen talla, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 nake yin ta a wani ɗan shago da ke unguwar Bronx a birnin New York. A lokacin mu huɗu ne, ni da ma'aikata uku, sai injin hannu mai ɗaukar allo huɗu, wato faifan raga da ake matsa tawada ta cikinsa ta hau kan yadi, da tandar da ake gasa tawada don kada wanki ya cire ta, da injin fotokwafi guda a bakin ƙofa. Mai irin wannan sana'a ba ya bukatar jarida kafin ya san abin da ke zukatan mutanen gari, domin duk abin da mutum yake so a san shi da shi, zuwa yake ya biya a buga masa shi a ƙirji. Har yau littattafan da muke rubuta oda suna nan a ajiye, kuma daga cikinsu na tsamo wannan labari.

Talata 11 ga Satumba 2001 ranar zaɓen fidda gwani ce ta masu neman kujerar magajin gari da kansiloli, saboda haka mun shafe mako guda muna aikin 'yan siyasa ba dare ba rana. Muna cikin ɗaure ragowar rigunan wani ɗan takara rediyo ta ce jirgi ya faɗa kan benen arewa na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ƙarfe 8:46, muka ɗauka haɗari ne, har sai da na biyu ya daki benen kudu da ƙarfe 9:03. Kafin goma da rabi tagwayen benayen sun rushe, an ɗage zaɓen, rigunan kuwa babu wanda ya sake tambayarsu. Ƙanen wani ma'aikacina, wanda ke tallar agogo da tabarau a kudancin Manhattan, bai iso gida ba sai bayan isha'i, a ƙafa, ƙura ta mayar da shi fari fat. Daga baya aka tabbatar da cewa mutum 2,977 ne suka mutu a hare-haren ranar, cikinsu har da 'yan kwana-kwana 343 da 'yan sandan birnin 23.

Aikin farko da ya shigo bayan harin na fotokwafi ne. Ranar Laraba wata mata maƙwabciyarmu ta zo da hoton ɗanta, wanda ke aiki a kicin ɗin gidan abincin da ke ƙololuwar benen arewa, ta ce a buga mata takardar cigiya mai ɗauke da tsayinsa da tabon da ke hannunsa da lambar wayarta. Babu wanda ya tsira daga cikin waɗanda ke wannan hawa, amma a ranar ba mu sani ba, ita ma ba ta sani ba. Wasu iyalan suka biyo bayanta, kuma a shafukan kwanakin nan gurbin kuɗi babu komai a cikinsa sai layi.

Daga ranar Alhamis kuma tuta ta mamaye shagon. Buga tutar Amurka a farar riga aikin allo biyu ne, ja da shuɗi, domin farin yadin shi ke zama taurari hamsin da fararen ratsi, amma aiki ne mai neman natsuwa, tunda idan allo ya goce ko da kaurin gashi ne sai ratsin nan goma sha uku su hau kan shuɗin, taurarin kuma ƙanana ne, tawada kan cike su idan hannu ya yi nauyi. Cikin kwanaki kaɗan fararen riguna suka ƙare a wajen dillalai, jar tawada ta yi wuyar samu, muka koma aiki har asuba. Kusan kowa rubutu ɗaya yake so a ƙarƙashin tutar, wani take na kalmomi uku mai nufin cewa a haɗe muke. Coci-coci da masallatai da makarantu da ƙungiyoyin direbobi duk allo ɗaya na yi musu amfani da shi, ban wanke shi ba tsawon watanni.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hulunan jinjina wa 'yan sanda. A Fabrairun 1999 ne 'yan sanda huɗu suka harba harsashi 41 kan Amadou Diallo, matashi ɗan ƙasar Gini, a ƙofar gidansa a nan Bronx, kuma shekara guda bayan haka kotu ta wanke su. Ni na buga rigunan da ke ɗauke da fuskarsa, na kuma san mutanen da suka saye su. Su ɗin ne dai suka dawo suna neman hula mai sunan rundunar, kuma ban ga alamar munafunci a fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai dai tun a makon farko na lura masu sayen tutar iri biyu ne. Wani direban tasi ɗan'uwanmu ya shigo ya ce mini, “Alhaji, ba ni guda biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, don fasinja ya ga tuta kafin ya karanta sunana.” Yana da hujja, domin a ranar 15 ga Satumba an harbe Balbir Singh Sodhi, mabiyin addinin Sikh mai gidan mai a jihar Arizona, saboda rawaninsa da gemunsa kawai. Kwana biyu bayan haka Shugaba George W. Bush ya je Cibiyar Musulunci ta Washington ya ce Musulunci addinin zaman lafiya ne, kuma wannan ziyara ta rage mana fargaba ƙwarai. Wata dattijuwa Kirista da ke benenmu ta riƙa raka maiɗakina kasuwa saboda hijabinta. Ni ma na rataye tuta a tagar shago, kuma har yau ban iya rabe nawa ne na juyayi a ciki, nawa ne na neman kariya ba.

Rabuwar kan jama'a ta zo sannu a hankali, a cikin littafin kuma ta fara bayyana ne ta ɓangaren bashi. An fara yaƙin Afganistan ranar 7 ga Oktoba, aka sa hannu kan dokar yaƙi da ta'addanci ta Patriot ranar 26 ga watan, sannan daga ƙarshen 2002 aka tilasta wa maza baƙi daga ƙasashe 25, kusan dukkansu na Musulmi, zuwa su yi rajista ta musamman. Dillalin da ke ba ni riguna bashi har na wata guda ɗan Pakistan ne, ya rufe shagonsa a Brooklyn ya kwashe iyalinsa zuwa Kanada, na koma saye kuɗi hannu. A makon gagarumar zanga-zangar adawa da yaƙin Iraki ta 15 ga Fabrairu 2003, oda biyu suka shigo, ɗaya ta masu adawa, ɗaya ta masu goyon baya, kowanne yana son tuta. Allon nan dai na ɗauko, rubutun ƙasa kawai na sauya, na kuma sa wa masu karɓa lokuta daban-daban don kada su haɗu a ƙofata.

A 2010, da rikici ya tashi kan shirin gina cibiyar Musulunci a kusa da inda benayen suka rushe, wani tsohon abokin ciniki wanda na yi wa rigunan haɗin kai shekaru tara baya ya kawo mini rubutun da ke alaƙanta kowane masallaci da ta'addanci. Wannan ce kaɗai odar da na taɓa mayarwa saboda abin da ke cikinta, kuma bai sake dawowa ba. A 2011 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa 'yan sandan birnin sun daɗe suna leƙen asirin masallatai da shagunan Musulmi, sai hulunan nan suka ɓace daga unguwarmu. Amma a ganina babu abin da ya nuna sanyin zumuncin kamar yadda ma'aikatan ceto da ƙurar wurin ta sa wa ciwon huhu da sankara suka yi ta sintiri a majalisa, ba a sa hannu kan dokar kula da lafiyarsu ba sai a Janairun 2011, kusan shekara goma bayan an buga sunansu a kowace riga.

Yanzu tuta tana cikin odar da nake yi wa tambayoyi kafin in karɓa. A 2020, bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe, wasu na son ta baƙa da fara da shuɗin layi guda don mara wa 'yan sanda baya, wasu na son ta a kife, kuma wanda ya ga samfurin ɗaya a bango yakan juya ya fita. Na sauke samfuran duka, na mayar da su cikin durowa.

Matar nan mai takardar cigiya ba ta taɓa fashin zuwa ba. Kowane ƙarshen Agusta takan ba da odar riguna dozin biyu masu sunan ɗanta da ƙaramar tuta a hannun riga, waɗanda dangi ke sawa ranar karanta sunayen mamata a wurin da benayen suke a da. Bara ta ce in cire tutar in bar sunan kawai, domin jikokinta sun gaji da tambayar da ake yi musu a jirgin ƙasa, ta wace jam'iyya suke goyon baya. Na rage mata kuɗin launi biyu, na rubuta a littafi: dozin biyu, baƙar tawada, allo ɗaya.