Abin da Teburin Inshorar Dabbobi Ya Koya Mini a Ingila

Na yi karatun likitancin dabbobi a Zariya, kuma a duk shekarun da na yi ina shiga garken shanu da na tumaki ban taɓa ganin mai dabba ya zaro takardar inshora ba. Makiyayi yakan auna kuɗin magani da abin da saniyar za ta yi a kasuwa, idan lissafin ya fita a yi magani, idan bai fita ba a kira mahauci tun tana da sauran nama. Da na zo Ingila, doka ba ta ba ni damar duba dabba ba sai na ci jarrabawar hukumar likitocin dabbobi ta ƙasar, don haka kafin lokacin na karɓi aiki a wani ƙaramin asibitin karnuka da kyanwoyi a arewacin ƙasar. Teburin da aka ba ni shi ne na cike takardun neman biya daga kamfanonin inshora, kuma na yi kusan shekara biyu a kansa.

Harkar inshorar dabbobi ta daɗe a Turai. A Suwidin aka fara ta a 1890 da dawakai da dabbobin gona, a 1924 aka yi wa kare na farko inshora a can, Birtaniya kuma ta bi sahu a 1947. Abin da ya sa ta yi ƙarfi a nan ba ɓoyayye ba ne. Tun 1948 mutumin Birtaniya yake zuwa asibitin gwamnati a ɗebi jininsa, a ɗauki hoton ƙirjinsa, ya koma gida ba tare da an miƙa masa takardar kuɗi ba, saboda haka bai san farashin gwaji ba sai ranar da karensa ya kwanta. Dabba ba ta da asibitin gwamnati, kuma a kan kuɗin likitanta ana ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari.

A makonnin farko na ɗauka cewa magani da tiyata su ne manyan abubuwan da ke cikin takardun, amma da na yi ta karanta su sai na ga gwaji ne ke cinye kaso mai yawa, wani lokaci ma fiye da maganin. Dalili kuwa shi ne dabba ba ta faɗin inda ke mata ciwo, kyanwa ma ɓoye ciwonta take yi har sai ya ci ƙarfinta. Tsohuwar kyanwa da ke yawan shan ruwa tana ramewa za ta iya kasancewa da ciwon ƙoda, ko ciwon suga, ko kuma ƙullutun maƙogwaro da ke sarrafa ƙonewar abinci a jiki ne ya wuce kima, kuma da ido kaɗai ba a rarrabe ukun nan da tabbaci. Dole a ɗebi jini, a auna kaurin fitsari, a auna hawan jini a ƙafa ko a wutsiya. Ko sugan da aka gani a jinin kyanwa ba a gama yarda da shi nan take, domin tsoron asibiti kaɗai yana iya ɗaga shi, sai an ƙara wani gwajin da ke nuna yadda yake a makonni biyu zuwa uku da suka wuce. Idan aka zo ɗaukar hoto kuma, ba za a ce wa kare ya kwanta ya riƙe numfashi ba. Hoton ƙashi yakan buƙaci allurar kwantarwa, babbar na'urar maganaɗisu mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da laka kuwa sai an sa dabba barci gaba ɗaya, da mai lura da numfashinta a tsaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da layinsa a takardar kuɗi.

Ƙa'idar da kamfanoni ke bi a kan gwaji tana da sauƙin faɗa. Idan dabba ta nuna alamar rashin lafiya ko ta ji rauni, likita kuma ya ga gwajin ya zama dole domin gano abin da ke damunta, to yawancin yarjejeniyoyi suna biya, ko da sakamakon ya fito babu komai, muddin ciwon da ake bincike ba ya cikin waɗanda aka cire. Idan kuwa dabba lafiyarta ƙalau, mai ita ne kawai yake son a duba jininta saboda ta tsufa, wannan daga aljihunsa ne, kamar yadda rigakafi da fiɗiya da maganin ƙuma da na tsutsar ciki da duk abin da ya shafi ciki da haihuwa suke daga aljihunsa. Wannan na haddace shi a rana ɗaya. Wanda ya ɗauke ni watanni, kuma sai da wata baiwar Allah ta yi asara a hannuna kafin ya zauna mini, shi ne batun ciwon da ya riga inshora.

Wata dattijuwa ce mai kyanwa baƙa 'yar shekara 13, tana kawo ta a cikin kwando da ta shimfiɗa wa tsohuwar rigar sanyi. Ranar da likita ta ce a yi gwajin jini da na fitsari, sannan a duba ƙodar da na'urar hoton ciki, dattijuwar ta tsaya a gaban teburina tana juya jakarta a hannu, ta tambaye ni ko inshorarta za ta ɗauki nauyin wannan duka. Na duba na ga tana da inshora mai rai, ta biya kuɗin wata, sai na ce mata ta kwantar da hankalinta, za su biya. An yi gwaji, ya nuna ciwon ƙoda, na aika takarda. Kamfanin ya nemi cikakken tarihin kyanwar kamar yadda suka saba, bayan mako uku amsa ta dawo cewa ba za su biya ko kwabo ba. A cikin tarihin akwai layi guda da aka rubuta wata takwas kafin nan, ranar da aka kawo kyanwar rigakafi, cewa mai ita ta lura tana shan ruwa fiye da da. Ita kuma dattijuwar wata biyar da suka wuce ta bar tsohon kamfaninta ta koma wani mai rahusa, saboda kuɗin wata ya yi mata yawa a kan fanshonta.

A nan na fahimci cewa kamfani ba ya kallon ranar da gwaji ya ba ciwo suna, ranar da alamarsa ta fara bayyana yake kallo. A likitance kuma ba zan iya cewa sun yi ƙarya ba, domin ƙoda takan daɗe tana lalacewa a ɓoye. Fitsari yakan fara tsinkewa bayan kusan kashi biyu cikin uku na aikinta ya tafi, sinadarin da aka saba aunawa a jini kuma ba ya tashi sosai sai an rasa kusan kashi uku cikin huɗu. Yawan shan ruwan nan shi ne ciwon yake sallama. Da ta zauna a tsohon kamfaninta da sun biya, domin a wurinsu ciwon sabo ne. Ni kuma da na buɗe tarihin kyanwar na minti biyar kafin in buɗe baki, da na ga layin, da na ga ranar da sabuwar inshorar ta fara, da ta shiga ɗakin gwaji da sanin abin da ke jiranta, ko ta zaɓi a fara da jini da fitsari a jinkirta hoton. Alhakin wannan a wuyana yake, kuma na faɗa mata haka.

Cikin ɗimuwa ta roƙi a goge layin, tunda a cewarta magana ce ta yi a wucewa. Likitar ta zaunar da ita ta yi mata bayani a hankali cewa ba za ta taɓa tarihin ba, domin canza shi zamba ce da za ta iya raba likita da lasisinsa, ta kuma jefa mai dabbar cikin laifi. Na ga mutane suna jin wannan labari su ce to gara a daina gaya wa likita komai, kuma ina ƙin wannan shawara da zuciya ɗaya. Layin da ya hana biya shi ne kuma layin da ya kamata ya sa a auna fitsarin kyanwar tun wata takwas baya, lokacin da sauya mata abinci zai fi amfani. Abin da asibitin ya iya yi mata shi ne raba kuɗin zuwa wata shida.

Ba kowace ƙin biya ce take da hujja ba, wannan ma teburin ne ya koya mini. An taɓa ƙin biyan gwajin wani kare da saifarsa da hanjinsa suka sa aka yi ta bincike, wai saboda ya taɓa yin amai yana ɗan kwikwiyo shekara huɗu baya. Da muka koma tarihi sai muka ga a ranar an rubuta cewa ya ci abin shara ne, ya warke cikin kwana biyu, bai sake ba. Likita ta rubuta wasiƙa ta bayyana cewa babu alaƙa tsakanin aman jiya da ciwon yau, kamfanin ya sake dubawa ya biya. Ko da bai biya ba, akwai hanya: kamfani yana da mako takwas ya ba da amsarsa ta ƙarshe a kan ƙorafi, daga nan mai dabba yana da wata shida ya kai ƙara ofishin da ke sasanta jama'a da kamfanonin kuɗi, kuma ba a biyan komai. Abin da ya ceci mai karen nan shi ne likitan farko bai tsaya ga rubuta "amai" ba, ya rubuta dalilinsa da ranar da ya tsaya.

Sauran sharuɗɗan duk sai an karanta su da gwaji a zuciya. Yawancin kamfanoni suna da kwanakin jira, galibi 14, waɗanda ciwon da ya bayyana a cikinsu ba ya shiga. Akwai inshorar haɗari kaɗai, wadda za ta biya hoton ƙafar da mota ta karya amma ba ruwanta da gwajin ƙoda. Akwai mai wa'adin wata 12 ga kowane ciwo, akwai mai ƙayyadadden kuɗi ga kowane ciwo wanda idan ya ƙare ya ƙare, sannan akwai ta tsawon rai wadda kuɗinta ke sabuntuwa duk shekara muddin ba a yanke biya ba. Ga ciwon ƙoda ko na suga, inda za a yi ta maimaita gwaji duk bayan 'yan watanni har ƙarshen rayuwar dabba, ta ƙarshen nan ce kaɗai ke tafiya da mai dabba har gaba. Kuɗin gwaji kuma daga rumbu ɗaya ake ɗibarsa da na magani, don haka na sha ganin an kashe mafi yawan kason shekara wajen gano ciwo, aka zo tiyata rumbu ya kusa ƙarewa. Akwai kuma kason da mai dabba ke fara biya da kansa a kan kowane ciwo, wanda idan dabba ta tsufa ake ƙara masa wani kaso cikin ɗari na ragowar kuɗin. Wani sharaɗin da ke ba mutane mamaki shi ne na gaɓoɓi masu tagwaye: idan jijiyar gwiwar hagu ta taɓa tsinkewa, kamfanoni da yawa suna ɗaukar ta dama a matsayin ciwo ɗaya da ita.

Akwai wani gefen da ba na son in rufe ido a kansa. Idan an san kamfani ne zai biya, hannu yakan yi saurin rubuta gwaji, kuɗin da aka kashe kuma yana dawowa kan kowa a kuɗin wata na baɗi, har ya kori irin dattijuwar nan zuwa kamfani mai rahusa. Tsadar ta kai hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta fara duba harkar asibitocin dabbobi a Satumba 2023, ta kuma buɗe cikakken bincike a Mayu 2024. Babbar likitar asibitinmu tana da tambaya ɗaya da take yi wa ƙananan likitoci kafin ta amince da gwaji mai tsada, wato mene ne sakamakon zai canza a maganin da za a bayar. Idan amsar ita ce babu, ba ta sa hannu, ko dabbar tana da inshora mafi tsada. A wannan wurin tarbiyyar Zariya ta yi mini rana, domin an koya mana mu duba dasashi, mu taɓa ciki, mu saurari ƙirji, mu yi wa mai dabba tambayoyi har su ƙare kafin mu nemi ɗakin gwaji.

Bayan abin da ya faru na sauya yadda nake aiki. Duk wanda ya tambaye ni ko za a biya, ina buɗe tarihin dabbarsa daga shafin farko, in nemo ranar da inshorar ta fara da irinta da abin da ya rage a kason shekara, in gaya masa inda nake ganin za a iya samun matsala, sannan idan gwajin mai tsada ne kuma dabbar za ta iya jira, in aika wa kamfani neman amincewa a rubuce kafin a taɓa ta. Wanda ya ce zai sauya kamfani kuwa, ina buga masa tarihin dabbarsa in ba shi ya karanta a gida tukuna. Dattijuwar ta ci gaba da kawo kyanwarta duk wata uku a cikin kwandon nan, likita ta taƙaita gwajin zuwa jini da fitsari da awon hawan jini domin kuɗin ya zo daidai da ƙarfinta, kuma kyanwar ta ƙara shekara ɗaya da rabi a kan abincin masu ciwon ƙoda.