Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Fijon da baƙin mai ya ƙi hawa

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na tsaya a inda Inna ta damƙa ni hannun Kawu a gareji, wasu kuma sun matsa wai sai na ba da labarin aurena na fari, ku yi haƙuri wannan sai gaba, yau fijon wani Alhaji ɗan Kantin Kwari ce a raina.

504 ce, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, lokacin duk mai kuɗin da ya isa ita yake hawa. An kawo ta canjin ring, wato zoben fistin, da metal, wato 'yan ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, Kawu ya ba Yaya aikin, ɗansa na cikinsa kenan, ni kuma ina miƙo sifana. Aka ɗaura inji aka tayar, jar fitilar mai ta ƙi mutuwa, tafet sai kas kas kas, Kawu ya daka tsawa a kashe. To a nan dai ya yi daidai, inji in babu mai a jikinsa 'yan mintuna sun isa ya buga.

Kawu yana da wata magana da duk yaron garejin ya haddace, wai kar ka zagi famfo sai ka ga abin da yake sha. Safe da yamma sai ya faɗa mana. Amma ranar da Yaya ya ce ai famfon mai ne ya mutu, Kawu bai tuna da maganarsa ba, aka karɓi kuɗin Alhaji aka tura ni kasuwar Ƙofar Ruwa a ƙasa cikin rana na sayo wani. Aka ɗaura. Fitila tana nan jajir.

Bari in faɗa wa yaran da ke koyo yanzu, don nawa ma haka nake musu. Ka fara zaro geji, sandan auna mai, ka ga ko akwai man ma, in ya yi fari-fari ruwa ya shiga, wannan maganar gasket ce daban. Sai suwich ɗin mai, wanda ke kunna jar fitilar, sau da yawa shi ke ƙarya, cire shi ka ɗaura agogon awo a gurbinsa. Buɗe murfin sama ka leƙa ko mai na isowa kan roka. Kwance filta, in ka same ta a bushe ƙayau to tun daga ƙasa man bai taso ba, ba ruwan hanyoyin sama. Sannan famfo shi turo mai kawai yake, matsin da agogo ke nunawa daga ƙuncin da ke tsakanin metal da karanshaf yake zuwa, metal in ya cinye ko famfo sabo ne dal agogo ba zai tashi ba, musamman in inji ya yi zafi. Akwai ɗan bawul mai sifirin da ke rage matsi, in ya maƙale a buɗe man komawa ƙasa yake. Sabon famfo ma in ka ɗaura shi a bushe iska zai ta ja, sai ka cika shi da mai tukuna. Wannan na ƙarshen ba a wurin Kawu na koya ba, wani Bayerabe ne a Panteka ya nuna min bayan na bar gidan, Allah ya saka masa, labarin zamana a Kaduna ma sai mun zo wurin.

Da magariba kowa ya watse aka bar ni in wanke botom filet, kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji, da kalanzir. Na ɗauko tsohuwar rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, wadda Yaya ya mayar kan sabon famfon ko kallonta bai yi ba, na haska da tocila, wallahi ta toshe kamar rariyar koko da dusa ta cika, duk jan gam ne, irin wanda ya lafta wa gasket har ya tsattsafo ciki ya gutsuttsure. Abin da famfo yake sha kenan. Na wanke ta tas na ajiye gam ɗin a murfin gwangwani.

Da safe na kai wa Kawu na ce Kawu ga abin da na gani. Ya juya shi da yatsa, ya dubi Yaya, ya ce min kai yaro je ka sayo ƙosai. Kafin in dawo an tayar da mota, fitila ta mutu, Alhaji yana ta sa wa Yaya albarka har da kyautar kuɗi. Tsohon famfon nan lafiyarsa ƙalau, da idona na ga an sayar wa wani direban tasha.

Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, na yafe masa, amma har ya bar duniya bai daina cewa kar ka zagi famfo ba, a gabana, ko kunya. Garejin kuwa kun san wanda aka bar wa. Bara a wajen bikin 'yar Goggo na ji Yaya yana ba samari labarin fijon nan wai shi ya gano, ina zaune ina cin alkaki ban ce uffan ba saboda Inna ta riƙe min hannu.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda aka yi na kwashe sifanuna na bar garejin, da abin da matar Kawu ta ce a tsakar gida.