Talata: na je ɗaukar tarihi a bakin Alhaji

Sha ɗaya saura na dare, an ɗauke wuta, da hasken waya nake wannan rubutu.

Lacca biyu muka yi yau. Ta safe ta ilimin zamantakewa ce, a kan asabiyyar Ibn Khaldun, wato bayaninsa kan haɗin kan jama'a, kuma rabinta ya wuce ni don mai adaidaita sahu ya kafe a Kabuga sai ya cika. Ta biyu hulɗar ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Wesfaliya ta 1648. Na dai rubuta, amma hankalina na kan aikin da malamin tarihi ya ba mu: kowa ya nemi dattijo, ya ɗauki hirarsa kan siyasar Kano kafin samun 'yancin kai, sannan ya auna ta da abin da ke rubuce.

Bayan la'asar na shiga cikin gari wajen kakana. Na tarar da shi a zaure kan buzu, rediyo a gefe, yana goga goro a magogi tunda haƙora sun yi sallama.

"Amarya, yau kin tuna da mijinki?"

"Alhaji, kuɗin cefane na zo karɓa."

Na kunna waya na ajiye a gabansa. Ya gyara hula kamar hoto za a ɗauka, ya ce, "Rubuta. A gabana Malam ya kafa NEPU."

To fa. Abin da muka karanta shi ne ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa wannan jam'iyyar siyasa a Sabon Gari, cikinsu har da Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu Kano a lokacin yana koyarwa a Maru, sai daga baya ya ajiye aiki ya dawo, ya zama shugabanta a 1953. Shi kuwa Alhaji fasfonsa na Hajji ya ce a 1944 aka haife shi. Ɗan shekara shida ke nan. Baki bai bar ni ba, na faɗa masa. Hajiya ta tuntsire da dariya daga tsakar gida, shi ko ya murtuke. "Ke da bokonki. Littafin yana wurin ne?"

Na sauya akala, na tambaye shi haraji. Nan murya ta sauka. Ya ce mahaifinsa marini ne, kuma tauraro, alamar NEPU, a cikin naɗin hula yake ɓoye shi. Shekarar da mai unguwa ya gane, harajin gidansu ya haura na maƙwabta. Ya tuna asubar da 'yan doka suka buga ƙofa, uban ya haura katanga da shuni a hannu, kwana uku shatin yatsunsa na nan a jikin bangon, uwarsu tana kankarewa da ɓawon kwakwa. Ya kawo zancen 'yan Mahaukata masu dukan duk wanda ya ce Sawaba, taken 'yan NEPU. Bai ba ni shekara ko ɗaya ba, amma ya san wace ƙofa aka buga da wanda ya ba su tuwo a daren.

Sai yau na gane abin da ya sa ya ce ya yi kuka a kasuwa lokacin da gwamnan Kano Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. A aji layi ɗaya ne a cikin takarda, mun haddace mun wuce. Da na tambaye shi ko ɓangaren santsi ya bi ko na taɓo da PRP, jam'iyyar su Malam Aminu da Rimi, ta rabu, cewa ya yi in kashe wayar.

Ya miƙo mini ɗari biyar na mota, ya ce kada in kuskura in goge "a gabana" ɗin nan. Ba zan goge ba. Zan sa shi yadda ya faɗa, in rubuta 1944 a ƙasa, malam ya yi hukunci.

Minti arba'in da bakwai na ɗauka, ga gwajin Wesfaliya jibi, ga waya saura kashi tara.