Ranar Da Hajiya Ta Auna Mana Inuwa

Asabar, makon ƙarshe na Yuni, Kano

An yi ruwa daren jiya. Ba mai yawa ba ne, amma ya ratsa ƙasa, don da na buɗe ƙofar falo bayan sallar asuba ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya fara tarbata. Na daɗe a tsaye ina kallon tsakar gidan nan. Wata takwas ke nan da tarewarmu a bayan Rijiyar Zaki, kuma tana nan yadda magina suka bar ta: tsibin yashi a gefe, ragowar bulo, tsohon duro, da igiyar shanya da na ɗaura tun makon farko. Filin ƙafa 50 ne a ƙafa 100, gini ya cinye mafi yawansa, abin da ya rage mana bai wuce ƙafa 25 a 30 ba, sai ɗan lungun da ya miƙe zuwa get. A kan wannan ɗan wuri muka shafe wata uku muna ja-in-ja da Abban yara.

Shi so yake a shimfiɗe intalok tun daga get har ƙofar kicin. Hujjarsa ba ta banza ba ce: babu ƙura da rani, babu taɓo da damina, shara ta yi sauƙi, yara ba za su riƙa kwaso ƙasa zuwa kan kafet ba. Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kwana ukun da na yi a gidan yayata cikin Afrilun bana, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. An malale gidanta da siminti kaf, ko tsinke bai tsiro ba. Rana takan faɗi, amma daɓen ya ci gaba da huro zafin da ya sha tun hantsi kamar bakin tanda. Ɗaki ba ya shiguwa, waje ba ya zaunuwa, har ƙarfe goma na dare. Tun daga nan na ƙudurta cewa sai an bar mini ƙasa a gidana.

Mun yi da magini zai zo ƙarfe goma. Ƙarfe takwas sai ga Hajiya, surukata, ta sauka daga adaidaita sahu da ƙunshinta: sandunan zogale huɗu, rassan lalle a jiƙaƙƙen tsumma, da ɗoɗɗoya a gwangwanin madara. Ɗanta ya gaya mata za a yi aikin, shi ne ta taso tun daga cikin birni. Na durƙusa na gaishe ta, na kawo koko da ƙosai. Ba ta tambayi waye ke da gaskiya a cikinmu ba. Cewa ta yi Auta ya ɗauko mata kujera 'yar tsugunno, ta kafa ta a tsakiyar fili, ta zauna tana dube-dube.

Can ta nuna wani kwari kusa da katangar kudu inda ruwan jiya ya kwanta, da siririn layin da ya zana a yashi har zuwa rariya. Ta ce, "Ruwa ya riga ya nuna muku hanyarsa, kada wanda ya tare masa." Sannan ta kira Auta: "Zo nan, maigidana, ɗauko kara." Ta sa shi ya ja layi a daidai inda inuwar katangar gabas ta tsaya. Ta ce da azahar zai sake ja, da la'asar ma haka. Abban yara ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai magini yana da tef." Ta ce tef tsawo yake aunawa, ita wurin zama take nema.

Ganin ta a kan kujerar nan ya mayar da ni gidan kakata a Dawakin Tofa. A can babu wanda ya taɓa zama ya tsara tsakar gida a takarda, amma kowane abu da mazauninsa. Murhu yana inda iska ke kwashe hayaƙi daga ɗakuna. Turmi yana gindin bishiya, don daka aikin hantsi ne. Randuna biyu suna kafe cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ruwansu ya fi na firiji daɗi a maƙogwaro, kuma garin dama an san shi da ginin tukwane. Gaban ɗakin kakata daɓe ne, na ainihi. Ina tuna ranar da aka sabunta shi: matan unguwa suka jeru a durƙushe, kowace da madaɓinta, suna bugu a tare suna waƙa, ana yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, har ƙasar ta yi ja, ta yi santsi, ta yi ƙarfi. Ruwa ba ya tona shi, kuma da dare yakan huce da wuri, shi ya sa a kansa muke kwana duk bazara. A wannan fili aka yi sunan ƙannena, a nan aka yi kamun amaren gidan, a nan aka karɓi gaisuwar rasuwar kakana. Ɗakuna na kaya ne da barcin hunturu, rayuwa kuwa a waje ake yin ta.

Magini ya iso sha ɗaya saura. Kafin ya zaro tef ɗinsa Hajiya ta jefa wa ɗanta tambayar da ba mu taɓa yi wa kanmu ba: "Baƙonka namiji, in ya zo, ina za ka ajiye shi?" A gidanta na cikin birni sai ka wuce zaure, ka wuce soro na biyu, kafin idonka ya ga tsakar gida. Namu kuwa irin ginin yanzu ne, da an turo get an ga komai, har wanda ke wanke-wanke. Wata takwas ke nan duk sanda abokansa suka zo, ni da babbar 'yata sai mu tattara mu shige ɗaki, ko da girki a kan wuta. Abin yana damuna, ban dai taɓa faɗa ba.

A nan maganar ta warware. Aka tsayar cewa lungun get, inda mota ke tsayawa, a sa masa intalok yadda Abban yara ke so, a miƙo siririyar hanya zuwa ƙofar falo da ta kicin don kada a taka taɓo. Gefen get za a yi dakali da rumfa ta maza, ginshiƙanta na ƙarfe saboda gara, rufinta na zana. Magini ya so a sa kwano, na ce a'a, duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin kwano da azahar ya san dalili. Gara a riƙa sabunta zanar in ta tsufa. Tsakanin rumfar da cikin gida za a ja gajeriyar katanga da bulo mai huji, iska ta wuce ido bai wuce ba, a bi gindinta da lalle. Sauran fili kuwa ƙasa ce, a daidaita ta, a ba ta gangare zuwa rariya, a zuba yashi mai laushi.

Sai batun bishiya. Abban yara darbejiya yake so a tsakiya, don tana saurin girma, ba ta jin fari, kuma ganyenta ba ya ƙarewa da rani lokacin da ake buƙatar inuwa. Magini ya girgiza kai, ya nuna inda sokawe take, ya ce saiwar darbejiya tana tafiya nesa neman ruwa, ya sha gyara katanga da ramin bayi da ta tsaga. A fili ƙarami irin namu ba za ta zauna lafiya da gini ba. Aka yarda a kai ta waje, ƙofar gida, masu wucewa ma su samu. Hajiya ta ce iyayensu durumi da ceɗiya suka sani a ƙofar gida, darbejiya baƙuwa ce. Gaskiyarta. Asalin bishiyar daga Indiya ne, a 1928 aka fara dasa ta a ƙasar Borno, daga nan ta bazu har ta zama kamar tamu: wasu su ce dogon yaro, wasu maina, wasu kuma bedi.

Da azahar Auta ya ja layinsa na biyu. Inuwar ta maƙale a gindin katanga, ko tabarma ɗaya ba za ta rufe ba. Wato daga sha ɗaya zuwa uku babu mafaka a filin nan sai abin da muka dasa da hannunmu.

Bayan mun ci abinci muka tafi wajen masu sayar da dashe a bakin titi cikin Nasarawa, ni da Abban yara da babbar 'yata. Wani dattijo muka samu, hannunsa duk ƙasa, kuma ya san aikinsa. Ya ce in mangwaro muke so mu ɗauki ɗan aure, shekara uku zuwa huɗu ya fara 'ya'ya, kuma bai cika yin girman na ƙwallo ba, wanda sai ya ninka haka kafin a ci moriyarsa. Ya nuna mana gaɓar auren, ya ce kada mu kuskura mu binne ta. Rami ƙafa biyu zurfi, ƙafa biyu faɗi, a gauraya ƙasar sama da takin awaki da ya ruɓe, ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. A yage ledar a hankali kada ƙasar ta wargaje, a barbaɗa toka saboda gara. Muka ɗauki mangwaro ɗaya, gwaiba ɗaya, lemun tsami ɗaya, gwanda uku. Ya ce uku ɗin dabara ce, don a cikin gwanda akwai namiji da ba ya haihuwa, kuma ba a gane shi sai ya yi fure.

A nan muka ɗan saɓa da 'yata. Ta ga koriyar ciyawar nan da ake shimfiɗawa kamar kafet, irin wadda take gani a Instagram, ta ce ita a sa mana. Na fahimce ta, abin yana da kyau a ido. Amma na ce ta lissafa da ni. Daga Oktoba zuwa Mayu kusan wata bakwai ne babu ruwan sama. Rijiyarmu takan ja baya a Maris, mu koma sayen jarka mai lita 25 a hannun 'yan garuwa. Ciyawar nan kullum take son sha, in ta yi kwana kaɗan ba ta samu ba ta zama harawa. Ba zan iya zuba ruwan saye a ƙasa don ado ba, alhali maƙwabta na auna na girki. Bishiya kuwa ruwan alwala da na ɗauraye shinkafa ya ishe ta rayuwa. Ta yi shiru, ranta bai so ba. Babanta ya ce ta zaɓi furanni biyar a tukwane, kusurwar tagar ɗakinta tata ce, ta tsara yadda take so. Ta zaɓa, har da mai ƙayar nan mai jan fure da ke hawa katanga. A mota ta fara maganar fentin da za ta yi wa tukwanen.

Mun dawo ana kiran la'asar. Layi na uku ya nuna abin da Hajiya ta sani tun safe: inuwar katangar yamma ta miƙo ta rufe kusan rabin fili. Nan ne wurin zaman yamma, nan tabarma za ta riƙa sauka. Gabas, inda inuwar safe take, ya zama na wanke-wanke da turmi. Mangwaron aka ba shi tsakiya, ɗan karkata kudu, nesa da sokawe da katanga, don wata rana ya cike giɓin inuwar azahar ɗin nan.

Abban yara da kansa ya karɓi diga. Hajiya ta ce kowane yaro ya riƙe dashe ɗaya ya sa a rami da bisimilla, ta tuna musu hadisin nan da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Auta ya ɗauki gwaiba, ya ce tasa ce shi kaɗai. Zogalen muka kafa a jere bayan kicin. Hajiya ta ce in ya kai tsayin mutum in sare kansa, ya yi rassa a ƙasa inda hannu zai kai. Gwandar ta sa aka ɗaga mata ƙasa, don ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta. Ni kuma na cika tsofaffin buhunan siminti shida da ƙasa da taki, na huda gindinsu, na zuba irin alayyahu, yakuwa da kuɓewa. Ɗoɗɗoyar na ajiye ta daf da wurin zama, Hajiya ta ce sauro ba ya son ƙamshinta.

Maƙwabciyata ta jiyo hayaniya ta leƙo, ta koma ta dawo da saiwar na'a-na'a daga bayan randarta. Ba ta tafi ba sai bayan magariba. A wata takwas ɗin nan yau ne karo na farko da ta zauna a gidana fiye da gaisuwa, don a da falo nake kai ta, ta ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran likita. Yau kuwa ta miƙe ƙafa a tabarma tana taya ni gyaran zogalen da Hajiya ta kawo na kwaɗo.

Ana idar da sallar isha aka ɗauke wuta. Babu wanda ya tashi neman janareto. Muka fito da tuwon masara da miyar kuka waje, muka ci a faranti ɗaya ni da yara, Hajiya da nata kwanon a gefe. Ƙasar tana da sanyi a tafin ƙafa. Abban yara ya hura gawayi ya ɗora shayi, ya zauna a kan bulo a daidai inda dakalinsa zai kasance, yana ta auna wurin da ido. Ya ce rumfar za ta ɗauki mutum takwas in an matsa, kuma karatun da suke yi da abokansa daren Juma'a zai iya dawowa nan. Hajiya ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka amsa, "Ta zo mu ji ta," har da babbar da ke cewa ta girmi tatsuniya. Kafin Gizo ya gama da Ƙoƙi, Auta ya yi barci a cinyarta.

Yanzu sha ɗaya ta wuce, ina rubutun nan da fitilar waya a bakin ƙofa. Magini zai fara intalok ranar Litinin. Gobe da safe sai an samo waya an kewaye ramin darbejiyar waje kafin a sa ta, don awakin unguwar nan ba sa barin ko tsiro. Hadari yana haɗowa ta gabas, bari in kwashe tabarmi.