Abin da hawa rufin mutane ya koya mini

Da na fara aikin haɗa sola a Kano, na ɗauka ciniki zai biyo ni har gida. Rana muna da ita har ta yi yawa, wutar Nepa kuwa, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana rabon megawat 4,000 zuwa 5,000. Wa zai ƙi sola?

Wani tela ne ya fara buɗe mini ido. Na zauna na yi masa lissafi tsaf, na nuna masa abin da janareta ke cinye masa a shekara ya isa ya saya masa faifan sola, batir da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, lissafinka daidai ne. Amma ni lita biyu nake saye kullum daga cinikin ranar. Kai kuwa so kake in kawo na shekara a dunƙule. Ina zan samo?" Banki ba ya kallon irinsa, ko da an ba shi ma, bashin da ruwa a kai ba zai taɓa ba.

Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na ce to, lokacinmu ya zo. Sai Naira ta faɗi, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500, kayanmu kuma kusan duk daga Sin ake shigo da su. Fetur ya gudu, sola ta bi shi a guje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jabu. A watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, duk wanda ya iya riƙe filaya ya zama injiniya. Faifan da aka manna wa takardar wat 300 ba ya ba da rabinsa. Batir mai ruwa a kulle shi a ɗakin da iska ba ta shiga, zafin bazara ya dafa shi, kafin shekara ya mutu. Mai gida ba zai ce an cuce shi ba, cewa zai yi sola ƙarya ce, kuma duk majalisarsu sai ta ji.

Mu ma da laifinmu: muna haɗawa mu tafi, ba mu koya wa mutane kula. Wata Hajiya ta kira ni cikin hunturu tana faɗa, wai wutarta ta lalace. Na hau rufi, na tarar ƙura ta lulluɓe faifan har ana iya rubutu da yatsa. Bokitin ruwa da tsumma suka gyara. Ban karɓi ko sisi ba, kunya ma na ji.

Telan nan daga baya ya shiga adashi. Da kwasarsa ta zo muka sa faifai biyu da batir ɗaya, fitila da keke ɗaya kawai suke ɗauka. Dutsen guga har yau na gawayi yake amfani da shi.